Ƙodar da Ba Ta Ƙanƙance Ba

Duk wanda ya zo koyon aiki ɗakin nan, tambayarsa ta farko ita ce wata nawa zai yi ya iya. Ɗaya daga cikinku ma ya ce mini akwai inda ake koyarwa cikin mako shida, har da takardar shaida mai tambari. Na ce to Allah ya ba da sa'a, ƙofa a buɗe take. Kuna ganin aikin bai wuce a matsa mai a cikin mutum, a goga kan na'ura, a danna maɓalli takarda ta fito ba. Haka masu kemis suka gani, shi ya sa yau a Talata Mafara kusan kowane lungu akwai allo an rubuta ana ɗaukar hoton ciki. Ni na tsufa a kan kujerar nan, idona ya fara hazo, kuma har yau akwai ranar da nake tashi ban gamsu da abin da na rubuta ba.

Ba da wannan na'urar na fara ba. A Sakkwato na fara, a ɗakin duhu, ina wanke hoton ƙashi, hannuna kullum yana warin ruwan magani. Da aka kawo na'urar hoton ciki ta farko wurin da nake, maigidana Malam Haruna, Allah ya jiƙansa, ya hana ni taɓa majiyyaci har tsawon damina guda. Masu gadi da masu shara da direbobin asibiti nake kwantarwa, mutane masu lafiya, in duba hantarsu da ƙodarsu ta dama. Da na gaji na tambaye shi amfanin duba mai lafiya, sai ya ce idon da bai ƙoshi da ganin lafiyayyar ƙoda ba, ba zai gane marar lafiya ba ko an sa masa ita a tafin hannu. Akwai wani maɓalli da ke ƙara hasken hoto ko ya rage shi. In ya ga yatsana ya doshi wurin ba dalili, da bayan biro yake bugun shi.

Dalilinsa shi ne ƙoda ba a yi mata hukunci ita kaɗai. Maƙwabciyarta hanta ita ce ma'auni. Ka kwantar da mutum, ka sa kan na'ura a ƙasan haƙarƙarinsa na dama, ka ce ya ja numfashi ya riƙe, sai hanta ta sauko, ƙoda ta bayyana a ƙarƙashinta. Lafiyayyar ƙoda namanta ya fi na hanta duhu kaɗan, tsakiyarta kuma fari ne, kana iya raba wannan da wancan. In ka murɗa maɓallin haske yadda ka ga dama, za ka iya mayar da lafiyayya ta yi fari, ko ka rufe wadda ta lalace da duhu. Na sha karɓar takardun masu kemis an rubuta ƙoda lafiya lau, in kwantar da mutumin in ga abin da ya sa gabana ya faɗi. Sun auna tsawonta ne kawai, sun ga ya cika, sun sa hannu.

A nan ne cutar da ke karya garkuwar jiki take yaudarar wanda bai ƙware ba. Tsohon ciwon ƙoda, irin wanda hawan jini ke kawowa shekara da shekaru, yana motsar da ita, ta ƙanƙance, bayanta ya yi kaushi. Ko ɗan koyo zai gani. Amma in wannan cutar ce ta kama ƙoda kai tsaye, sau da yawa ba ta ƙanƙancewa. Takan tsaya da girmanta, wani lokaci ma ta ƙara, sai dai ta yi fari, ta fi hanta haske, ka rasa inda nama ya ƙare tsakiya ta fara. Mutumin kuma yana tafiya da ƙafarsa, ƙila ko kumburi babu, abin da zai ce maka kawai shi ne fitsarinsa yana kumfa. Hoton ba ya kiran sunan cuta, ku riƙe wannan, don akwai wasu abubuwa da ke sa ƙoda ta yi fari. Sai likita ya haɗa da gwajin fitsari da na jini. Amma in an kama abin da wuri, mutum ya koma kan maganinsa ba fashi, akan tare shi. In an bar shi, ba shekaru yake ɗauka ba, watanni ne.

Mutanen da ke shigowa nan kuwa ba ruwansu da duk wannan. Mace mai ciki wata huɗu ba ta damu da inda mabiyiya ta kwanta ba, namiji ne ko mace kawai take son ji, uwar mijinta tana waje tana jira. Wani tsoho daga Bakura ya taɓa rantse mini cewa tun ranar da na goga masa na'ura ciwon ya tafi, yana son a ƙara masa sau biyu don ya kwana da ƙarfi. Wata ta zo a nuna mata ƙullin da aka jefa mata a ciki. Ka ce mutum ya zo bai karya ba, ya zo ya cika ciki da fura ya ce ai fura ba abinci ba ce. Kuma babu wanda ke shigowa shi kaɗai. Da wa, ko kawu, ko miji, wanda ya kawo shi kuma ya ga ya isa ya tsaya a kanka. A makaranta za a koya muku cewa sirrin majiyyaci nasa ne. Babu wanda zai koya muku yadda ake ce wa dattijo mai furfura ya fita waje a gaban ƙanensa.

Shekarar da aka rufe layukan waya aka hana cin kasuwannin mako saboda 'yan bindiga, ita ce mafi muni da na gani a aikin nan. An hana sayar da fetur a jarka, injin wutarmu kuma ba ya shan ruwa. Sa'o'i biyu ko uku muke samu a yini, a cikinsu zan duba duk wanda ke layi. Man da muke shafawa ya ƙare, mai kawo mana ya daina zuwa, na koma dama sitaci a gida in tace in zuba a tsohuwar roba. Takardar buga hoto ma sai na yi tsimi. A wannan halin ne, wata ranar Alhamis, aka shigo mini da Lawali.

Lawali mahauci ne daga Janbako, bai kai arba'in ba, dogo, hannuwansa duk tabon wuƙa. Wansa ne ya kawo shi, Alhaji Mande, wanda ya daɗe yana sana'ar fawa a nan Mafara. Na san Alhaji fiye da shekara ashirin. Shi ya feɗe ragunan sunan 'ya'yana duka, kuma ya girme ni. Muka gaisa yadda ya kamata, gida da iyali da jama'a da halin da ake ciki, injin yana ta cin mai ina ji. Na karɓi takardar likita. A kusurwarta akwai 'yar alamar da likitocinmu ke yi don mu gane mutum yana ɗauke da cutar ba tare da an rubuta ta baro-baro ba. A ƙasa an rubuta fitsari yana kumfa, kuma ya yi watanni bai karɓi magani ba. Daga baya na ji dalili. Ba a kusa da gida yake karɓa ba, can nesa yake zuwa don kada a gan shi a layi, yana fakewa da zuwa sayen shanu. Da aka rufe kasuwanni ba shi da sauran abin da zai ce ya fitar da shi gari.

Na ɗaga kai na dubi Lawali, shi ma ya dube ni, na gane wansa bai sani ba.

Na ce, "Alhaji, ko za ka ɗan huta a benci? Ɗakin da zahi."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam Isa, wanga da nig goya? Mi za ya ɓoye man? Yi aikinka kawai."

Na ƙyale shi ya tsaya. Na ga in na nace, nacewar kanta za ta zama labari. Na kwantar da Lawali, na shafa sitaci, na ce ya ja numfashi ya riƙe. Hanta ta sauko, ƙoda ta fito ƙarƙashinta fara sol. Na duba maɓallin haske, yana inda na saba barin shi. Na auna, ta cika har ta ɗan wuce. Na juya shi na duba ta hagu da saifa, ita ma haka. Ban ga inda nama ya rabu da tsakiya ba a ko ɗaya.

Alhaji Mande ya riga ya sunkuyo ta kafaɗata. Mutum ne da ya ciro ƙoda daga cikin dabba fiye da yadda zan iya ƙirgawa, bai buƙaci in nuna masa ba.

Ya sa yatsa a gilashin ya ce, "Wagga ita ta ƙodar ko?"

Na ce ita ce.

Ya ce, "Masha Allah. Dibi girma. Dibi kitse ya lulluɓe ta. Ni in nib buɗe sa nig ga irin wagga, na san ya ci ya ƙoshi, ba a tambaya."

Na ce, "Alhaji, hoton ga ba kamar nama ba ne. Sai likita ya gani."

Ya ce, "Awo, za ya gani. Amma abu guda nika so ka gaya man. Tsohonmu da ciwon ƙoda ya rasu, Sakkwato anka ce muna tai ta ƙanƙance ta koma kamar ƙwallon goruba. Shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Ta yaron ga ta ƙanƙance?"

Tambaya ce mai amsa ɗaya, kuma amsar gaskiya ce. Na ce, "Ba ta ƙanƙance ba."

Ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala. Ya dafa ƙanensa ya ce, "Ka ji ko? Tashi, basir na da gajiya." Na sake cewa lallai su ga likita yau ɗin nan, kada su tafi ba su gan shi ba. Na faɗa sau biyu. Amma na faɗe shi da muryar da nake faɗa wa kowa, muryar mai aiki da layi a waje, kuma Alhaji ya riga ya samu abin da ya zo nema. Na rubuta rahotona daidai, babu kuskure ko ɗaya a ciki, har na ja layi biyu ƙarƙashin inda na ce a yi gwajin jini da gaggawa. Na ninke, na sa a ambulan, na miƙa, na kira na gaba.

Da injin ya mutu na fita na tambaya. Likita an kira shi wani wuri tun kafin azahar, an kawo waɗanda aka harba. Alhaji ya jira kaɗan, ya ce hanyar Maradun da ke kai mutum Janbako ba a bin ta bayan la'asar, ya ɗora ƙanensa a mota ya sallame shi. Akwai lambar wayar Lawali a takarda, amma waya a lokacin ba ta da amfani sai haska hanya. Washegari na je rumfar Alhaji da kaina. Na ce masa likita yana neman Lawali, a aika ya dawo. Ya yanko mini tsoka ya ƙulle a takarda, ya ce, "Ku ma'aikatan asibiti ba ku gajiya da gwaji. Ni na gani da idona. Hanyag ga ko mai lahiya ba ya bin ta don banza." Na koma sau biyu bayan haka. A na uku ya fara kallona da mamaki, yana tambaya ko akwai abin da ban gaya masa ba. Na ce babu, na daina zuwa.

Ku da kuke cewa aikin nan danna maɓalli ne, ku gaya mini maɓallin da zan danna a nan. In na faɗa wa Alhaji abin da farin yake nufi, sai ya tambayi abin da ya kawo shi, kuma mahauci da aka ji yana da wannan cutar ba mai sake sayen namansa, ko da kuwa ba ta nan ake ɗauka ba. Matarsa da 'ya'yansa ma sai an nuna su da baki. In na yi shiru, ga abin da shirun ke yi. Na zaɓi shiru na kira shi riƙon amana. Gaskiyar magana ita ce kunyar Alhaji na ji, kuma na ƙi jinin kaina a kan haka har yau.

An yi girbi an gama kafin in sake ganin su. A kan babur aka kawo shi daga tasha, an sa shi a tsakiya, wani ya riƙe shi ta baya. Ya rame, fuskarsa ta kumbura, shaƙuwa ba ta barin shi ya gama kalma, bakinsa yana wani wari da duk wanda ya daɗe a asibiti ya sani. Kwana uku bai yi fitsarin kirki ba. An yi ta ba shi jiƙe-jiƙe da rubutu a gida. Likita ya ɗebi jini, ya turo shi wurina don a tabbatar ba toshewa ba ce. Na kwantar da shi da ƙyar, bai iya riƙe numfashi ba, amma ban buƙata ba. Babu toshewa. Ƙodojin suna nan yadda na bar su, manya, farare.

Alhaji Mande ya sake sunkuyowa. Ya ce, "To ka gani, Malam Isa. Har yanzu ba ta ƙanƙance ba. Ni na ce masu wanga ba ciwon asibiti na ba, hannu na. Akwai masu baƙin ciki da shi a kasuwa."

Na ajiye kan na'ura na miƙe. Na ce, "Alhaji, fita."

Ya ce, "Ni?"

Na ce, "Kai. Fita ka ja ƙofa." Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya gyara hularsa, ya fita. Kalma ɗaya ce, fita. Ba ta ɗauke ni komai ba, ƙasa ba ta tsage ba, kuma ita ce na kasa faɗa wata biyar da suka wuce.

Na zauna kusa da kan Lawali na gaya masa abin da na gani, wannan karon da wancan. Na gaya masa farin ba kitse ba ne, lalacewa ce, kuma cutar da ya sani ce ta kawo shi da ya daina shan magani. Ya saurara idonsa a rufe. Tsakanin shaƙuwa da shaƙuwa ya ce, "Na sani, Malam. Ni ma mahauci na. Kitse waje shika zama, ba cikin nama ba. Ran nan na ga huskarka."

Na ce, "To mi ya hana ka dawowa?"

Ya ce, "Da wane baki? Yaya ya gaya ma kowa lahiyata lau, mai hoto ya ce. In nic ce zan koma sai a ce mi ya rage."  Sai ya ce, "Ran nan da kab ba mu takarda, Yaya ya yi gaba. Na tsaya ina ɗaurin tazugen wando, na kwance na sake ɗaurewa. Ina jira ka ce in tsaya. Sai nij ji ka kira na gaba."

 Na goge masa sitacin da ke cikinsa na taimaka masa ya zauna. Ya roƙe ni abu biyu: in sa ma'aikaciyar da ke ba da shawara ta nemi matarsa a asirce a gwada ta, kuma kada wansa ya ji sunan cutar daga bakina, ko yana raye ko ba ya raye. Na yi masa alkawarin duka biyun, na kuma cika. Likita ya rubuta musu takarda zuwa Sakkwato don wankin ƙoda. An yi masa sau biyu, bai kai na uku ba.

A nan Mafara aka yi zaman makoki, a ƙofar gidan Alhaji Mande, don hanyar Janbako ba ta biyuwa. Na je rana ta biyu da hantsi. Na yi niyyar in yi addu'a daga gefe in tafi, don na san na ci masa fuska a ɗakina. Amma yana hango ni ya miƙo hannu, ya matsa ya zaunar da ni a kan tabarmarsa. Mahauta sun cika wurin, da dillalan shanu, da liman.

Ya riƙe hannuna ya ce wa jama'a, "Wanga bawan Allah ya yi muna ƙoƙari. Sau biyu ya dibi yaron ga da na'ura. Har rumhwa ya biyo ni sau uku shina tambaya tai, wane ma'aikaci ka yin haka yanzu? Ƙoda lahiya lau, ni na gani shi ya gani. Kwana na ya ƙare. Duk mai son hoton gaskiya ya tahi wurin Malam Isa."

Kowa ya juyo yana sa mini albarka. Liman ya ce Allah ya yawaita irinmu a asibiti. Suna jira in ce wani abu.

Na ce amin.